Da tsohuwar zuma ake magani: Tsofaffin motocin soja da injunan da suka ƙi mutuwa a hanyar Ɗan Issa

Duk motar kayan da ta taso daga Maradi za ta shiga Najeriya ta Jibiya, sai ta ratsa Ɗan Issa. A wannan gari na gundumar Madarunfa ne jami'an duwan ke duba takardu, a nan kuma direbobi ke kashe inji su zauna jira, wani lokaci na ƴan sa'o'i, wani lokaci har a kwana.

A jerin gwanon motocin da ke bin wannan hanya, tsakanin sabbin tireloli ƙirar China, ba a rasa wata tsohuwa mai gajeren hanci da bodin katako, wadda rana ta cinye fentinta. Sau tari motar ta girmi direban da ke tuƙa ta. Wasu daga cikin irin waɗannan motoci da ke yawo a Nijar da arewacin Najeriya, tun asali an ƙera su ne domin sojoji ko ƴan kwana-kwana a Turai, suka gama aikinsu a can, aka yi gwanjonsu, suka faro wata sabuwar rayuwa a nan.

A Jamus da Faransa da Ingila, gyaran irin waɗannan motoci abin sha'awa ne da mutane ke kashe wa kuɗi da ranakun hutunsu. A ƙasar Maradi kuwa, da su ake cin abinci. Sai dai abubuwa biyu na neman ganin bayansu a lokaci guda: masu sayen tsohon ƙarfe da ke yanka su a awo, da kuma tsufan makanikan da suka san sirrinsu.

Hanyar da gyaɗa ta buɗe

Alaƙar wannan hanya da manyan motoci ta samo asali ne daga gyaɗa. Bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa a ƙasar Hausa baki ɗaya, har da ɓangaren da ke ƙarƙashin Faransa. Gyaɗar Maradi ta riƙa gangarawa kudu ta Katsina zuwa Kano, daga can jirgin ƙasa ya kwashe ta zuwa Ikko. Raƙuma da jakuna ne suka fara wannan jigila, kafin motoci su karɓe ta sannu a hankali.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa abin ƙarfi. Dubban matasan ƙasar Hausa da aka ɗauka soja, har da waɗanda aka kai Bama, sun dawo gida bayan 1945, wasunsu da sana'ar tuƙi da kanikanci da suka koya a bariki. A wancan lokacin ne kuma rarar motocin yaƙi suka shiga hannun ƴan kasuwa a sassa da dama na Afirka ta Yamma.

A farkon shekarun 1950, Turawan mulkin mallaka na Faransa suka ɓullo da wani shiri da suka kira Hirondelle, don karkatar da wani kaso na gyaɗar Nijar zuwa Paraku da tashar ruwan Kwatano, maimakon ta bi ta ƙasar da Ingila ke mulka. Wannan ma aikin manyan motoci ne. Bayan samun ƴancin kai, gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 domin cinikin gyaɗa.

Da fari da cutar gyaɗa suka durƙusar da noman a shekarun 1970, attajiran Maradi suka koma fataucin kayan da ake shigowa da su daga ƙetare ana wucewa da su Najeriya. Masanin nan ɗan Faransa, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kan alhazan Maradi a 1986, inda ya nuna yadda kasuwancinsu ke ɗamfare da wannan iyaka. Kaya sun sauya daga gyaɗa zuwa yadi da taba da shinkafa, amma buƙatar mota mai jure wahala ba ta sauya ba.

Berliet: motar da ta ratsa Tenere

In ana maganar tsofaffin motocin soja a Nijar, sunan da dattawa ke fara ambata shi ne Berliet, kamfanin da ke birnin Liyon na Faransa. Tarihinsa ya haɗu da na ƙasar nan tun kafin ƴancin kai.

Daga ƙarshen 1959 zuwa farkon 1960, kamfanin ya tura motoci tara samfurin Gazelle, masu ƙafa shida da dukkansu ke ja, suka taso daga Wargala a Aljeriya, suka keta hamadar Tenere, suka dangana da Fort-Lamy, birnin da ake kira Njamena a yau. Manufar ita ce a nuna cewa babbar mota na iya ratsa rairayin da a da sai ayarin raƙuma. A kan hanya sun kakkafa alamun ƙarfe don shiryar da matafiya, waɗanda har yanzu ake kira da sunan kamfanin.

Daga wannan mota ce aka samar da GBC 8 KT, wadda rundunar sojan Faransa ta rungume ta tun farkon shekarun 1960, aka ƙera dubbai. Injinta mai silinda biyar an tsara shi yadda zai iya ƙona man gas, ko kananzir, ko fetur idan ta kama dole, domin a fagen daga ba a zaɓen mai. Wannan hali na rashin tsangwama shi ya sa ta dace da ƙasashen da gidan mai ke da nisa.

Sunan Berliet ya ɓace daga gaban sabbin motoci bayan da aka haɗe kamfanin da Saviem a ƙarƙashin Renault a 1978. Amma motar ba ta mutu ba. A ƙarshen shekarun 1990, sojan Faransa da kansu suka ga ba za su iya zubar da ita ba, suka sa aka sabunta guda 2,800: aka bar tsohon shasi da aksul, aka ɗora sabon inji da sabon kai, aka raɗa mata suna GBC 180. Ke nan abin da bakaniken Maradi ke yi a gindin bishiya, na ɗora sabon inji a kan tsohon ƙashi, babbar runduna ma ta yi shi a masana'anta.

Sirrin lambar 911

Motar da ta fi kowace shiga zukatan direbobin ƙasar Hausa ita ce Marsandi mai gajeren hanci, wadda aka fi sani da 911. Kamfanin Mercedes-Benz ya fito da wannan zubi a 1959, ya ci gaba da ƙera shi don kasuwannin ƙetare har tsakiyar shekarun 1990.

Direbobi da yawa sun shekara suna tuƙa ta ba tare da sanin ma'anar lambar ba. Lissafin mai sauƙi ne: lambar farko nauyin motar ne da kayanta a tan, biyun ƙarshe kuma ƙarfin inji ne idan aka ninka su sau goma. Don haka 911 na nufin tan 9 da ƙarfin doki kimanin 110, ƴar'uwarta 1113 kuma tan 11 da ƙarfin doki 130. Idan aka ga harafin A a cikin sunan, kamar LA 911, to wannan mai fowil ce, ƙafafun gaba da na baya duk suna ja. Irin waɗannan ne ƴan sandan iyaka da ƴan kwana-kwana da hukumomin agajin gaggawa na Jamus suka yi amfani da su shekara da shekaru, haka ma rundunonin sojan ƙasashe da dama.

Wanda ya san lissafin nan zai gane irin zaluncin da ake yi wa motar a hanyoyinmu, inda ake labta mata buhunan da suka zarce abin da aka tsara mata nesa ba kusa ba.

Ba daga Turai kaɗai ta zo ba. Kamfanin ANAMMCO da ke Inugu, haɗin gwiwar gwamnatin Najeriya da Daimler-Benz, ya fara harhaɗa motocin Marsandi a 1980. A wannan zamanin ne kuma aka kafa Steyr a Bauchi, da kamfanin harhaɗa manyan motocin Fiat a Kano, yayin da Peugeot ke fitar da ƙananan motoci a Kaduna tun 1975. Motocin fasinjan Ikko da ake kira molue ma a kan shasin 911 aka gina yawancinsu. Yawan motar a Najeriya shi ya cika kasuwanni da kayan gyaranta, abin da masu motoci a Maradi suka daɗe suna cin moriyarsa.

Yadda ake tayar da matacce

Abin da ya sa waɗannan motoci suka ƙi mutuwa yana cikin injinsu. Wanda ya fi yawa a cikin 911 da 1113 shi ne OM 352, mai silinda shida a jere da girman lita 5.7, wanda ya fito a 1964. Babu kwamfuta a jikinsa ko ɗaya. Fistin ne ke matse iska kusan ninki 17 har ta yi zafin gaske, famfon mai ya turo man gas ta nozul a daidai lokacin, wuta ta kama da kanta. Da zarar ya tashi ba ya buƙatar lantarki, shi ya sa ko batir ya mutu ana iya tura motar a gangare ta kama.

Gogaggen bakanike kan fara bincike ne da kunne da ido kafin ya taɓa sifana. Launin hayaƙi kaɗai na ba shi labari. Baƙin hayaƙi alama ce ta mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, galibi saboda matatar iska ta toshe ko nozul ya lalace. Shuɗi na nufin inji na shan baƙin mai, ringi sun cinye. Fari kuwa, ko man bai ƙone ba saboda lokacin feshinsa ya goce, ko ruwa na kutsawa cikin silinda ta gaskit da ya ƙone.

Idan aikin ya kai a sauke inji, sai a warware shi gaba ɗaya, a wanke kowane ƙarfe, a jera su bisa tsari a kan buhu ko kwali. Daga nan aiki ya rarrabu zuwa hannaye daban-daban. Bulo na tafiya wurin masu tona, su rarake silinda su daidaita ta da sabon fistin, ko su dasa mata sabuwar riga idan ta cinye da yawa. Karanshaf kuma a goge shi a rage kaurinsa da kwatan milimita, a nemo metal mai kaurin da zai cike gurbin. Ana iya maimaita wannan a wani gyaran na gaba, a kai rabin milimita, har zuwa iyakar da kamfani ya ƙayyade. Wannan ne ya sa inji ɗaya kan yi rayuwa uku ko huɗu.

Famfon mai da nozul na da nasu gwanaye, domin aikinsu ya fi kama da na mai gyaran agogo. Ana ɗaura nozul a kan na'urar gwaji a matsa da hannu, a duba ƙarfin da yake buɗewa da kuma yadda yake feshi. Idan ya yi feshi kamar hazo, lafiya lau. Idan ya riƙa ɗiga, zai iya huda fistin. Wajen mayar da kan inji ma akwai ƙa'ida: daga tsakiya ake fara ɗaure kusoshi ana fita waje, kaɗan-kaɗan, zagaye bayan zagaye. Yaron da ya yi gaggawa a nan, gaskit zai tona masa asiri kafin mota ta kai Jibiya.

Abokan gabar inji a wannan yanki biyu ne: ƙura da gurɓataccen mai. Ƙurar hunturu idan ta shiga silinda tana cin ƙarfe kamar sanfefa. Tsofaffin motocin da yawa na da matatar iska mai kwanon baƙin mai a ƙasa, wadda ake wankewa a sake zuba mai, ba sai an sayi sabuwa ba. Man gas da aka gauraya da kananzir ko ruwa kuwa, famfo yake kashewa, domin man da kansa ne ke sanya wa ƙananan ƙarafan cikinsa santsi.

Bayan inji sai jiki. Mai walda ya ɗinke shasi, maƙeri ya gyara sifirin, rewaya ya sake jan wayoyi, kafinta ya gina bodin katako, mai fenti ya zo daga ƙarshe ya zana furanni da dawisu, ya rubuta addu'a ko karin magana a goshin motar. Mota ɗaya kan ciyar da gidaje da dama kafin ta koma kan titi.

Bugun zuciyar ƙauye

Ba motoci kaɗai ke da tsawon rai ba. Wanda ya tashi a ƙauyukan Madarunfa ya san ƙarar injin niƙa da ke fara bugawa tun da hantsi, mata da yara na layi da kwanukan gero da dawa. Kakan irin waɗannan injuna shi ne Lista, wanda kamfanin R. A. Lister da ke garin Dursley na Ingila ya fara ƙerawa wajen 1930, bai daina ba sai 1987.

Samfurin da ya fi shahara silinda ɗaya gare shi, ƙarfin doki shida, yana juyawa sau 650 kacal a minti. Wannan tafiyar hawainiya ita ce sirrin daɗewarsa, domin ƙarfen da ba ya gudu ba ya saurin cinyewa. Manyan ƙafafun ƙarfe biyu da ke gefensa ne ke riƙe masa ƙarfi tsakanin bugu da bugu. Da hannu ake tayar da shi: a ɗaga ɗan maɓallin da ke sassauta matsi, a juya har ya ɗauki gudu, sannan a sake shi. Gangar ruwa ce lagiretonsa, ruwan zafi ya hau sama, mai sanyi ya gangaro, ba tare da famfo ba.

Da Ingila ta daina ƙera shi, masana'antun Indiya, musamman na birnin Rajkot, suka ci gaba da fitar da kwafinsa. Da irin waɗannan ne aka gina shirin nan na inji mai ayyuka da yawa da aka faro a Mali a shekarun 1990 da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya, inda inji ɗaya ke niƙa, ya yi surfe, ya yi cajin batir. A yau ƙananan injunan China masu arha sun mamaye kasuwa. Sun fi sauƙin saye da ɗauka, amma gudunsu ya ninka na Lista, kuma ba sa kai shekarunsa.

Buƙatar masu gyaran inji ta ƙaru a yankin Ɗan Issa tun daga 2021, lokacin da aka gano zinare jama'a suka yi tururuwa daga Nijar da Najeriya. Haƙar zinare ta gargajiya da injuna take tafiya, daga na niƙa dutse zuwa janareta da famfon ruwa. Wannan arziki ya zo da makokinsa: ranar 7 ga Nuwamban 2021 ramuka suka rufta a Garin Liman, aƙalla mutum 18 suka rasu. Haka ma masu noman rani a fadamar Gulbin Maradi, rayuwar shukarsu na hannun wanda ya iya tayar da famfo idan ya ƙi tashi.

A Turai abin ado ne

Ƴan ƙasarmu da ke zaune a Turai da Amurka kan yi mamakin ganin motar da suka baro tana dakon albasa a gida, an goge ta tana ƙyalli a wurin baje koli. A can akwai ƙungiyoyi na musamman. A Amurka an kafa ƙungiyar masu adana motocin soja ta MVPA a 1976, a Ingila kuma akwai Military Vehicle Trust. Duk shekara a farkon watan Yuni, masu wannan sha'awa kan yi dandazo a Nomandi ta Faransa don tunawa da saukar sojojin ƙawance ta ranar 6 ga Yunin 1944, da motocin Jeep da GMC na zamanin yaƙin. Ita GMC mai ƙafa shida, fiye da 560,000 aka ƙera tsakanin 1941 da 1945.

Dokokinsu ma na taimaka musu. A Jamus, tun 1997, motar da ta cika shekara 30 kuma aka kula da ita yadda take tun asali na iya samun lamba mai harafin H a ƙarshe, wadda ke zuwa da sassaucin haraji. A Faransa ma akwai takardar mallaka ta musamman ga motocin tarihi da suka kai wannan shekaru. Gidauniyar Berliet, wadda aka kafa a 1982, na adana ɗaruruwan motoci a kusa da Liyon, cikinsu har da T100, ƙatuwar motar da aka ƙera a 1957 don aikin mai a Sahara, wadda guda huɗu kacal aka yi.

Wasu Jamusawan kuma tsofaffin motocin kwana-kwana samfurin 911 da 1113 suke saye su mayar da su gidan tafi-da-gidanka, su zaga duniya da su. Dalilinsu shi ne duk inda ta lalace za a samu wanda zai gyara ta. Wannan shaida ce ga makanikai irin na Maradi da Agadas da Kano, ko da ba a ambaci sunansu ba.

Bambancin shi ne, mai sha'awa a Turai na neman mota ta koma daidai yadda ta fito daga masana'anta, har da launin kusa. Bakaniken nan kuwa so yake ta tashi gobe da asuba ta kai kaya kasuwa, ko da aksul ɗin wata mota ce a ƙarƙashinta, ko fitilarta ta babur ce.

Iyaka, awo da doka

Matsala ta farko ita ce kayan gyara. Yawancinsu daga kudu suke zuwa, daga kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, da Ladipo a Ikko. Duk lokacin da aka rufe iyaka, garejin Maradi ne ke fara jin jiki. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta Benin bayan juyin mulkin ya kuma tsawaita tafiyar kayan da ke zuwa ta teku, inda aka koma bi ta Lome da Burkina Faso. Motar da ta tsaya saboda ƙaramin ƙarfe na iya shafe watanni a kan duwatsu.

Daga nan ne matsala ta biyu ke shigowa. Motar da ta daɗe a ajiye, idon ƴan gwangwan na kanta. Su ba ruwansu da tarihinta, nauyinta suke saye. Tsohuwar mota kuwa ƙarfe ne zalla, bulo da aksul da shasi duk masu nauyi. Magadan da mahaifinsu ya rasu ya bar musu gingimarin da ba ya tashi, ga rabon gado na jira, da wuya su ƙi tayin kuɗi a hannu. Cikin yini guda wutar walda za ta raba abin da ya yi shekara 50 yana aiki. Kowace mota da aka yanka, ta tafi da kayan gyaran da za su iya raya wasu biyar.

Ta uku ita ce doka da tsaro. Matashin da ya ga hotunan Turai ya yi sha'awar mayar da motarsa launin soja, ya yi hattara. A Najeriya akwai doka tun 1977 da ta haramta wa farar hula tuƙa mota mai koren launin soja. Ban da doka ma, a yankin da ke fama da ƴan bindiga masu satar mutane da shanu a tsakanin Madarunfa da Jibiya, mota mai kama da ta jami'an tsaro na iya jawo wa mai ita abin da bai shirya masa ba, daga kowane ɓangare.

Akwai kuma gaskiyar da masoya tsofaffin motoci ba sa son ji. Inji na iya zama lafiya lau alhali birki ya gaji, tayoyi sun suɗe, fitilu sun mutu. Idan aka haɗa da lodin da ya wuce ƙima da fasinjoji a saman kaya, sai a samu irin haɗurran da ake jin labarinsu a ranakun kasuwa. Hayaƙinsu ma ba ƙaramin illa yake yi wa ƙirji ba. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa ƙananan motoci na hannu miliyan 14 aka fitar daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin ɗari daga cikinsu Afirka suka nufa, da yawa kuma ba su cika ƙa'idar lafiya da hayaƙi ba. Gyara na gaskiya daga birki da sitiyari ya kamata ya fara, fenti ya zo daga baya.

Wa zai gaji sifanar?

Sabbin manyan motoci da yawa na zuwa da injin da kwamfuta ke sarrafawa, wanda sai an jona masa na'ura kafin a san ciwonsa. Matasa kuma sun fi karkata ga gyaran babur da adaidaita da wayar salula, inda kuɗi ke shigowa kullum, maimakon shekarun da yaro zai yi yana wanke ƙarafa a gaban maigida kafin a yaye shi. Ga kuma layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maradi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 aka bai wa kamfanin Mota-Engil. Ranar da ya fara aiki, wani kaso na dakon da ke bin wannan hanya zai koma kansa.

Duk da haka, jirgi ba zai shiga kasuwannin ƙauye ba, ba zai bi hanyar rairayi da damina ta yanke ba. Wanda kuma ya fahimci tsohon inji, ya riga ya riƙe tushen sabon, domin fistin da matsi da feshin mai ba su sauya ba, abin da ke ba su umarni ne kawai ya sauya.

Maradi na da wuraren da za su iya riƙe wannan ilimi: makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi. Tsohon OM 352 ko Lista ɗaya da aka ceto daga awo aka ajiye a ɗakin koyarwa, ɗalibai na warwarewa suna mayarwa, zai koyar da abin da allo ba zai iya ba, musamman idan aka gayyato tsofaffin makanikai su tsaya a kansa, aka kuma biya su haƙƙinsu.

Ƴan ci-rani da ke Turai ma na da rawar takawa. Littattafan gyaran waɗannan motoci, masu ɗauke da ma'aunin kowace kusa, suna nan a hannun ƙungiyoyin masu sha'awa a can, da yawa kuma an ɗora su a intanet. Aiko da su, ko da ƙaramar na'urar gwada nozul, ba zai kai kuɗin wayar salula ɗaya ba. Matasan gida kuma da ke ɗora bidiyo a TikTok da Facebook, za su iya zama da dattawan gareji su naɗi bayaninsu da Hausa tun suna da ƙarfin yi.

Batun adanawa ma ba baƙon abu ba ne. Najeriya na da gidan tarihin yaƙi a Umuahiya, inda aka ajiye motocin sulken da aka ƙera lokacin yaƙin basasa. A gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, an keɓe wa bishiyar Tenere rumfa tun bayan da wata babbar mota ta kaɓe ta a 1973. Ƙasar da ta girmama bishiyar da mota ta kayar, ba za ta rasa filin ajiye Berliet ɗaya da 911 ɗaya daga cikin waɗanda suka yi dakon gyaɗarta da gishirinta da hatsinta ba. Abin da ake buƙata shi ne hukumomin jihar Maradi, ko ƙungiyar masu motocin sufuri, ko wani daga cikin jikokin alhazan da suka yi arziki da waɗannan motoci, ya riga mai awo isa wurin.